Gwaggo Tsahara, Mai Duba Masu Kulle Waya

A ƙofar shagon Gwaggo Tsahara an rubuta buga takardu da cajin waya. Idan aka tambaye ni a lakol, wato makaranta, mene ne aikinta, abin da nake faɗa ke nan. Amma ba don shi ake tasowa daga Sae Sabuwa da Gidan Sori a zo wurinta ba. Akwai wani aikin da ba a rubuta ba, kuma har yau ban san sunansa ba. Yanzu mutane da yawa suna yawo suna cewa sun iya kulle waya da odinatar, wato kwamfuta, don kada ɓarayi su shiga. Gwaggo ba ta kulle komai. Mai kullewar take dubawa, sannan ta ce wa mai waya ya ba shi, ko kada ya ba shi, ko ya dakata tukuna. Ana biyanta da abin da ya sawwaƙa, wani da tiyar wake, wani da kaza, wani da godiya kawai.

Yayar Babana ce. A wurinta nake zaune a Gidan Rumji tun da na shiga kwaleji, domin ƙauyenmu da ke karkarar Gidan Sori ba shi da ajin da ya wuce firamare. Idan an tashi lakol nakan shige lungun shagon, bayan injin fotokofi, in yi aikin gida. Can akwai haske, kuma ba mai yi mini magana. Na fi son in ji ana yi.

Wata rana da la'asar, lokacin ɗibar wake, sai ga Innata ta sauko daga kabu-kabu, wayarta a ƙulle a bakin zane. Ba ranar zuwanta ba ce. Ta gaida Gwaggo a tsaye, ta kwance wayar ta ajiye a tebur kamar mai ajiye jariri.

Bari in faɗi abin da wayar nan take a gidanmu. Babana yana arewa, bayan Agadas, wajen haƙar zinariya. Ba shi da waya tasa. Inda suke ma sai an hau wani tudu ake samun rezo, wato layin waya. Idan ya hau, sai ya ari wayar duk wanda ya tarar, ya aiko da murya cikin manhajar saƙo da ke wayar Inna, wadda ita take kira akwati. Lambar Inna kaɗai ya haddace. Mu ba mu da inda za mu kira shi. Idan akwatin ya tafi, hanyarmu da shi ta yanke.

"Yaya, akwatin ya ƙi buɗewa," in ji Inna. "Wani ya kira ni ya ce daga kamfani yake, za su gyara mini layi. Ya ce wasu lambobi za su shigo, in sa a karanta mashi. Na sa ɗan maƙwabta ya karanta."

"Ke kuma kika yarda."

"Gaisuwa ya yi mini mai kyau, Yaya. Ya tambayi gida, ya tambayi yara, har ya tambayi mai gida da ke tafiya. In ba na kamfani ba ne, ina ya san yana tafiya?"

"Sa'a, a karkararku gida nawa ne mai gida ba ya tafiya?"

Gwaggo ta tambaye ta yaushe abin ya faru. Ta ce an ci kasuwa biyu. Ta ɗauka wayar ce ba ta jin daɗi, har sai da wata ƴar'uwarta ta zo ta ce ta ga saƙo daga wurinta mai roƙon taimako. Wato duk kwanakin nan wani ne zaune cikin akwatin, da sunan Inna da hotonta, kuma duk muryar da Baba ya aiko wurinsa take zuwa.

A bencin ƙofa akwai Mutari, ɗan maƙwabcinmu da ya gama lise, makarantar da ke gaba da kwaleji, yana jiran abin yi. Kullum yana nan yana caji yana kallon bidiyo, yana cewa shi ma zai buɗe shagon tsaron waya. Ya leƙo ya ce a ba shi, ya ga yadda ake yi.

"Zauna," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, ke ma fa ba kya gyarawa. Kallon mutum kawai kike yi a ba ki kaza. Wannan ai kowa ya iya."

Ba ta ji haushi ba. Ta aika wa masu tsaron waya biyu da ta ji labarinsu su zo ranar kasuwa, ta sa Inna ta kwana, sannan ta jawo kujera ta fara yi wa Mutari bayani, ni ina ji daga lunguna.

"Aikin farko da na gani, ina sakatariya a buro, wato ofishin ƙungiyar manoma. An ɗauke mana mashin ɗin buga takarda mai ƙara, aka kawo odinatar. Kowa na tsoronta, har zane muke rufa mata. Sai ga wani da jaka ya ce cuta na shiga irin waɗanga injuna, shi yana da riga-kafi. Shugabanmu Abdu, da muke ce wa Mushe Abdu irin na Faransanci, ya ce in dafa shayi, in zauna in yi kallo. Mutumin ya yi ta danne-danne, allo na ta zuba rubutu kore, ni kuwa baki buɗe. Da ya fita alwala, Mushe ya ce, 'Mi kika gani?' Na ce na ga rubutu na gudu. Ya ce, 'Allo nashi ne, abin da yake so ki gani shi zai nuna miki. Mi ya roƙa?' Sai na tuna ya roƙi kalmar sirrin buron, kuma ya ce kowa ya fita waje don numfashin mutane na ɓata aikin. Mushe ya ba shi shayi na biyu da na uku, ya raka shi har bakin hanya, bai ba shi aikin ba."

"To ɓarawo ne?" in ji Mutari.

"Bai yi aikin ba. Ina zan sani?"

"Ke nan ƙila kun kori mutumin kirki."

"Ƙila. Shekara da shekaru na zauna gefen Mushe Abdu, abin da ya koya mini bai wuce in ji abin da mutum ke roƙo ba, in kuma dubi hannunshi. Bai taɓa ce mini ga ranar da zan tabbata ba."

Na rubuta wannan a bayan littafin lissafina, na sake karantawa, ban gane ko koyarwa ce ko kuka ba.

Kayan aikin Gwaggo ba su da yawa, kuma wanda bai sani ba ba zai ce kayan aiki ba ne. Akwai wata gajeruwar kujera da take ba mai tsaro ya zauna, don allon da ke hannunsa ya kasance ƙasa da idonta. Akwai tsohon madubin babur da ta kafe a bango bayan kujerar, mutane na ɗauka na kwalliya ne. Akwai wayar gwaji, wadda babu komai cikinta sai hoton wata akuya, ita take fara miƙa wa mutum ta ga abin da zai ce. Sai butar shayi, domin ta ce mai gaggawa ba ya iya ɓoye gaggawarsa har kofi na uku.

Ranar kasuwa wanda ya fara zuwa shi ne Sani, da ake ce wa Injiniya. Daga Maraɗi yake zuwa a kan babur, odinatarsa duk an manna mata hotuna. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya gaida Inna, ya faɗi gidansu a Tibiri. Gwaggo ta san gidan, ta ma san uwarsa. Ta miƙa masa wayar gwaji. Ya juya ta sau ɗaya ya yi dariya.

"Gwaggo, akuyar nan ba mai satar ta. Kawo mara lafiyar."

Gwaggo ma sai da ta murmusa. Mutari ya ce in da gaske ya iya, ya buɗe tasa wayar, wadda ya kulle da zane irin na yatsa. Injiniya ya karɓa yana hira da Inna, yana tambayarta amfanin gona. Ni madubin nake kallo. Na ga ya ɗan karkata wayar wajen hasken ƙofa, inda maiƙon yatsan Mutari ya bar layi a kan gilashi. Ya bi layin, bai buɗe ba. Ya bi shi ta baya, ta buɗe. Masu caji da ke ƙofa suka yi ta mamaki, Mutari ya karɓi wayarsa yana dubanta kamar ta ci amanarsa.

Injiniya ya ce a ba shi wayar Inna da sim ɗinta ya tafi da su Maraɗi, kwana biyu ya dawo da akwatin, ya kuma gano inda ɓarawon yake. Ba zai karɓi komai ba sai aiki ya yi.

"Bayan ka gama, wa ke da mabuɗi?" in ji Gwaggo.

"Ni da ita. In ta manta sai in taimaka mata."

"In abin ya lalace ina zan same ka?"

"Gidanmu kin san shi."

"Mi ba ka iya ba?"

"A waya? Gwaggo, sai dai rai."

Ya sha shayi uku bai dubi agogo ba.

Na biyun, Malam Idi, sai bayan azahar ya zo. Siririn mutum ne mai shimfiɗa tabarma a kasuwa yana sayar da igiyoyin caji. Ba shi da shago. An ce kakanninsa daga ƙetaren iyaka suka zo, amma ba wanda ya iya nuna gidansu. Gaisuwarsa gajeruwa ce, bai dubi fuskar kowa ba. Da Gwaggo ta miƙa masa wayar gwaji, bai karɓa ba. Hannuwansa na tsakanin gwiwoyinsa.

"Mai waya ya riƙe abinshi," in ji shi. "Ni faɗa zan yi, a danna."

Ya ce tun da sim ɗin na hannun Inna, za a nemi sababbin lambobi su shigo, a sa su, ɓarawon ya faɗo waje. Amma in ya riga ya saka sakata ta ciki, wato wani sirri na biyu, to sai an jira mako guda ta saki da kanta.

"Mako?" in ji Inna. "Muryar da za ta zo cikin makon fa?"

"Ina jin tana tsayawa a ƙofa har a buɗe. Ban rantse ba."

"Wancan ya ce kwana biyu."

"Ban san hanyarshi ba."

Gwaggo ta tambaye shi abin da bai iya ba. Ya ce bai iya kama ɓarawo ba, bai iya gajarta makon ba, kuma bai iya ganin abin da aka riga aka faɗa wa mutane da sunan Inna ba. Ta tambaye shi inda za ta same shi in abin ya lalace. Ya ce kasuwa, in ya zo. Kofi ɗaya ya sha, ya ce ya bar tabarmarsa ba kowa, ya tashi.

Da ya fita Inna ba ta jira an tambaye ta ba.

"Yaya, a ƙauyenmu mai maganin ƙarfe sai ya ɗora wuƙa a jikinshi ya ja, kowa ya gani, sannan a saya. Wanga na farko ya gwada gaban idonmu. Wancan mi ya gwada? Ko wayar bai taɓa ba. Rabin maganarshi ban sani ba ne."

"Mai maganin ƙarfe jikinshi yake ɗora wa wuƙa," in ji Gwaggo. "Wanga wayar Mutari ya ɗora wa."

"Amma ɗan gidan mutunci ne. Ke kika ce kin san uwarshi."

"Na san uwarshi. Ba ita za ta riƙe wayar ba."

Na daɗe ina juya maganar madubin a bakina. Sai da Gwaggo ta zo lunguna ɗaukar takarda na faɗa mata a hankali cewa maiƙon yatsa ya bi. Na ɗauka za ta ce shi ke nan, an kama shi. Sai ta ce ta gani.

"To ba yaudara ba ce?"

"Wanda ya san a dubi maiƙo ai ya san wani abu, Balki. Kuma bai ɓoye mini cewa zai riƙe mabuɗi ba. Da maƙaryaci ne, da ya ce Sa'a kaɗai."

"Malam Idi fa?"

"Mai gaskiya na cewa bai sani ba. Wanda bai iya komai ba, shi ma haka yake cewa."

Kaina ya ɗaure. Duk alamar da ta koya wa Mutari, sai na ga tana nuna hanya biyu. Mai gaggawar shi ne Malam Idi. Wanda aka san gidansu shi ne Injiniya. Wanda ya roƙi abu da yawa kuma shi ne Injiniyan. Gwaggo ta wanke kofuna, ta goge su, ta sake wanke ɗaya da ta riga ta wanke. Ban taɓa ganin ta daɗe haka ba ta yanke magana ba. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, wayar nan ba za ta kwana hannun kowa ba.

Aka kirawo Malam Idi. Inna ba ta karatu, don haka ni na danna, shi yana faɗa. Da lambobin suka shigo sai ya juya fuskarsa ga bango har na gama sa su. Wayar ta yi ɗan tunani, sannan ta nemi sirri na biyu.

"Ya saka sakatar," in ji shi. "Amma yanzu ba ya ciki. Ba kowa ciki. Kar a ba kowa lambar da ta shigo, ko ni ne na kira."

Inna ta koma ƙauye don wake ba ya jira, ranta ba daɗi. Ko sallamar kirki ba ta yi wa Gwaggo ba. Wayar ta zauna a aljihun tebur, a kunne. Duk wanda ya ja aljihun neman almakashi sai in ɗaga kai.

Cikin makon nan Injiniya ya wuce sau da yawa, don yana sa wa wani ɗan kasuwar hatsi tsaro a odinatarsa. Yakan tsaya da babur a ƙofa ya ce, "Gwaggo, har yanzu ana jinya?" Ba da mugunta yake faɗa ba. Rannan ma ya gyara mana igiyar injin fotokofi kyauta. Mutari ya koma bin sa, yana riƙe masa jaka, ya dawo yana ce wa Gwaggo ta yi kuskure. A nan ne ta ba shi labarin wani Alhaji mai sayar da raguna.

Alhajin ya zo ne tun da daɗewa, yana so a kulle masa wayar da masu saye ke kiransa da ita. Gwaggo ta duba wani yaro mai natsuwa, ta ce a ba shi. Yaron ya yi aiki tsakani da Allah, ya sa kulle kan kulle, bai riƙe mabuɗi ko ɗaya ba, ya koma garinsu. Ana gab da sallar layya Alhaji ya manta kalmar. Wayar na ƙara a aljihunsa, saƙon masu saye na shigowa, shi ba ya iya gani. Ya zo ya tsaya a ƙofar nan yana cewa ɓarawo ma da ya bar masa wani abu. "To ka gaya mini," in ji Gwaggo, "yaron nan ya iya aiki ko bai iya ba? Da ya riƙe mabuɗi, da ya ceci Alhaji. Da ya riƙe mabuɗi kuma, da ban ce a ba shi ba." Mutari ya koma kallon bidiyonsa.

Shekarar da ta fi ba ta wahala kuwa, tana kiranta shekarar masu riga. Wasu mutane ne suka zo da mota mai rubutu a jiki, dukansu da riga shuɗiya iri ɗaya. Suka tsaya a bakin kasuwa da lasifika, suka jingina wata takarda mai hatimi cikin gilashi a gaban motar. Kawo wayarka, in ji su, mu buɗe ta gaban idonka, sannan mu kulle maka yadda ba mai buɗewa. Layi ya miƙe har tasha. Waɗanda suka zo tambayar Gwaggo ta ce musu gilashi a kasuwa ake sayensa, takarda kuma ita da hannunta tana buga irinta in an kawo mata. Ta ce wanda ya buɗe wayarka don ya nuna maka ya iya, ai ya riga ya shiga. Sai aka ce baƙin ciki take yi, don sun zo da mota ita tana da kujera. Shekarar nan ba wanda ya kawo mata ko tiya ɗaya. Har masu buga takarda suka ragu. Ta sayar da fankar shagon, ta zauna cikin zafi da caji kaɗai.

"Daga baya ai gaskiyarki ta fito," in ji Mutari.

"Wace gaskiya? Cikin waɗanda suka kai wayarsu, an yi wa wasu sata, suka ce masu riga ne. Wasu ba a yi musu ba, har yau suna cewa kullen masu riga ne ya tsare su. Cikin waɗanda suka ji maganata ma an yi wa wasu. Mutane sun dawo wurina ne don motar ba ta sake zuwa ba, ni kuma ina nan."

"To ɓarayi ne ko ba ɓarayi ba ne?"

"Wahalar aikin ke nan da kake cewa kowa ya iya. Tela in ya ɓata riga, ranar salla ka gani. Magini in ya ɓata soro, damina ta faɗa maka. Mai tsaro in ya yi aiki mai kyau, ba abin da ke faruwa. In bai yi komai ba, ɓarawo kuma bai biyo ta nan ba, nan ma ba abin da ke faruwa. Ni aka ce in bambance su tun kafin a fara."

Ta faɗi haka tana kallon aljihun tebur. Sunan Baba kuwa bai fito daga bakinta ba ko sau ɗaya duk makon.

Da makon ya cika Inna ta dawo tun da hantsi, da ƙaiƙayin wake a zanenta, ta zauna jiran in taso lakol. Malam Idi ya zo, ya zauna a gajeruwar kujerar, hannuwa tsakanin gwiwoyi. Na nemi lambobi, suka shigo, na sa. Wannan karon ba a nemi komai ba. Akwatin ya buɗe. Ya ce Inna ta zaɓi sirri nata, ya juya ga bango, ta raɗa mini a kunne na sa. Sai wayar ta fara rawa a kan tebur, saƙo na bin saƙo. Na kwanakin da ɓarawon ke ciki babu su. Na makon jira ne suka tsaya a ƙofa, kamar yadda ya ce yana ji.

Akwai na ƴan'uwa masu tambayar lafiya, akwai na wata mai faɗa don an roƙe ta. Can ƙasa akwai murya daga wata lamba da ba mu sani ba. Na danna. Iska ce ta fara fitowa, mai ƙarfi, sannan Baba.

"Sa'a, ni ne. Na ga saƙonki. Rubutu na gani, ba murya ba, na ce halan wani ya rubuta miki a likita. Kin ce Balki na kwance, a aiko da abin magani. Ba ni da abin aikowa, ba a yi rabo ba tukuna, sai an kai ƙasan ramin. Na yi ta aiko murya shiru. Na bar ma abokaina ramin. Akwai motar da za ta sauka, in ta cika, ƙila jibi ƙila gata. Ki ce mata ina zuwa."

Ko ni na san wanda ya bar rami kafin rabo ya bar rabonsa. Tun kafin damina yake haƙar ramin nan.

Na duba ranar saƙon. Washegarin ranar da muka fara jira ne.

"Da an ba Injiniya," in ji Mutari daga ƙofa, "da an ji wannan kafin motar ta cika."

"In zai iya," in ji Malam Idi.

"Zai iya?" Inna ce ta tambaya, shi take kallo.

"Ban ga ta inda zai bi ba. Amma ba duka hanyoyi na gani ba."

Inna ta juya ga Gwaggo. Gwaggo ta ce in sake kunnawa, wai tana so ta tabbata muryarsa ce. Na kunna. Ta ce in ƙara. Na ƙara. Ba ta ce ta tabbata ba, ba ta kuma ce ba ta tabbata ba. Ta karɓi wayar ta kira lambar da kanta. Sai da ta yi ta kira kafin ta shiga. Wani mutum ya ɗauka, iska na kaɗa maganarsa. Ya ce e, ya san shi, mai ɗiya mara lafiya. Motarsu ta tashi tun kwanaki. A hanya babu rezo, babu kuma wanda zai ce ga ranar isarsu. Ya yi mana addu'ar samun sauƙi.

Gwaggo ta ajiye wayar, ta matsar da ita gaban Inna. Ta ce wa Malam Idi ya ƙara nanata mata maganar lambobi kafin ya tafi. Ta ce wa Mutari ya cire wayarsa, ta cika tun ɗazu, wani na jiran wurin. Sannan ta shiga goge tebur, inda babu ƙura.

Inna ta ƙulle wayar a bakin zane, ƙulli biyu. Ta daɗe tana kallona, daga takalman lakol har ɗankwali, da ƙunshin gyaɗar da na ci rabi na ajiye a kan littafi. Na rasa inda zan sa idona.

"Yaya, zan tafi da ita ƙauye in an yi hutun mako," in ji ta. "Ya tarar da ita a gida, ya gani da idonshi."

Gwaggo ta ɗaga kai alamar to.

Inna ta miƙe, ta gyara zane, ta nuna mini buhun waken da ta zo wa Gwaggo da shi, yana jingine a ƙofa.

"Ke, mara lafiya. Tashi ki kama mini mu shigar da shi."